Na shiga gasar tirayatalon ba cikakken shiri na sha wuya, in shiga ta gaba ko in haƙura?

DanWunti:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar motsa jiki ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun da na dawo daga Legas, yau kwana 12 ke nan.

Ni a Bauchi nake, shekarata 34, aikin ofis nake yi, kuma wajen shekara huɗu ke nan ina gudu bayan sallar asuba, daga Wunti in zagaya ta wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa in dawo, kilomita 10 kam ba ta ba ni tsoro. To wani abokina da aiki ya mayar Legas shi ya jawo ni cikin tirayatalon. Ga wanda bai sani ba, wasa uku ne a jere ba hutu, ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu, agogo kuma ba ya tsayawa ko lokacin da kake sa takalmi. Wadda na shiga ita ce ƙarama, iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Da na ga lissafin sai na ce ai wannan ba komai ba ne tunda gudun rabin abin da na saba ne.

Na biya kuɗin rajista wata uku kafin ranar da niyyar zan yi tirenin sosai, sai azumi ya shigo, bayan sallah Hajiyarmu ta kwanta rashin lafiya muka yi ta zirga-zirgar asibiti, alhamdulillahi ta samu sauƙi, amma lokaci ya riga ya tafi. Gaskiyar magana sau biyar kawai na shiga ruwa, shi ma a wurin wankan wani otal da tsawonsa bai fi mita 20 ba, ina kaiwa bango in riƙe in huta in juyo. Keken ma na ƙanin matata ne na ara, sau uku na hau shi a hanyar Dass. Ban taɓa sauka daga keke na yi gudu nan take ba ko sau ɗaya.

Ranar gasa da aka busa usur muka faɗa ruwa gaba ɗaya, a nan na gane iyon otal daban wannan daban. Ruwan duhu ne, ko hannunka ba ka gani, ga gishiri-gishiri, ga mutane ta ko'ina wannan ya hau bayanka wancan ya ja ƙafarka, ba da gangan ba, kowa ta kansa yake yi. Ban yi mita 100 ba wani ya shure ni a fuska tabarau na iyon ya goce ruwa ya cika min ido, na buɗe baki in ja numfashi sai na haɗiyi ruwa, na sake na kuma haɗiya, ƙirjina ya ɗaure kaman an sa igiya an tamke. Wallahi a lokacin ba gasa ce a raina ba, yarana biyu nake tunani. Na ɗaga hannu wani yaro mai kwalekwale cikin masu tsaro ya matso na riƙe bakin kwalekwalen, yana ta ce min in numfasa a hankali kar in yi sauri, ya ce doka ta yarda in riƙe in huta in dai bai ja ni gaba ba. Na fi minti uku a wurin ina tari. Daga baya na saki na ƙarasa da iyon kwaɗo kai a sama, minti 31 na yi a ruwan, mutum biyu ne kawai a bayana.

Da na fito jiri nake gani, na isa wurin keke hannuna na rawa na kasa maƙala igiyar hular kwano, ma'aikacin wurin ya ce ba zan taɓa keke ba sai na ɗaure ta, haka na tsaya har hannun ya lafa. A kan keke gwiwata ta dama ta fara ciwo tun wajen kilomita 8, gorar ruwa ɗaya na ɗauka ta ƙare kafin rabi, kuma zafin Legas ba irin namu ba ne, mu nan gumi na fita iska na busar da shi, can kuwa sai ya zauna a jikinka kaman an watsa maka ruwan ɗumi, ba ka jin sanyi ko kaɗan.

Gudun da nake taƙama da shi kuwa shi ya fi ba ni mamaki. Ina sauka daga keke na ji ƙafafun ba nawa ba ne, sun yi nauyi kaman an ɗaura min turmi, a kilomita 2 jijiyar ƙwaurina ta ɗaure na tsaya na dafa wani ƙarfe ina miƙe ta, sauran kilomita 3 ɗin tafiya na yi ina ɗan sassarfa. Na dai ƙarasa, awa 2 da minti 24, aka rataya min lamba, na koma gefe na yi amai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba ko matata, kwana biyu bayan nan fitsarina kalar baƙin shayi yake fita kuma kaɗan, cinyoyina sun kumbura ko tsugunno ba na iyawa, sallah a zaune na yi ta. Na sha maganin ciwon jiki na kemis na yi ta shan ruwa, yanzu ya washe.

To tambayata. Akwai wata gasar nan da sati bakwai, ita kuma zangon Olamfik ce, iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, wato ninki biyu. Abokina na ta matsa min wai tunda na ƙarasa waccan ba shiri to wannan da ɗan tirenin zan iya, kuma ran Juma'a za a rufe rajista. Raina na so sosai ba zan ɓoye ba, abin ya shiga jinina. Sati bakwai zai isa? Kuma a ina mutum zai koyi iyon fili a Bauchi, in je dam ɗin Gubi ne?

Anti_Nas_Yelwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina ka bar maganar Juma'a tukuna, maganar fitsarin nan ita ce a gaba, ni da na karanta wurin sai da gabana ya faɗi. Ni ma'aikaciyar jinya ce shekara 16, kuma ba zan ce ga abin da ya same ka ba tunda ban gan ka ba, amma fitsari kalar shayi ko kalar Coke tare da kumburin cinya da ciwo mai tsanani bayan aikin ƙarfin da jiki bai saba ba, alama ce da ba ma wasa da ita. Yakan faru in naman jiki ya wahala fiye da ƙima sai ya farfashe, abin da ke cikinsa ya zubo cikin jini, ƙoda ce kuma za ta tace shi, in ya yi yawa sai ya toshe ta. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara tsananta shi, kuma duka biyun ka haɗa a ranar.

Sannan maganin ciwon jikin da ka sha, in irin su ibuprofen ko diclofenac ne to ƙara wa ƙoda nauyi suke yi a irin wannan halin, dan Allah ka daina shansu haka kawai bayan gudu, mutanenmu sun mayar da su kaman alewa.

Washewar fitsari ba ita ke nuna komai ya koma daidai ba. Ka je asibiti cikin satin nan ka faɗa wa likita duk abin da ka rubuta a nan ba ragi, a yi maka gwajin ƙoda da na fitsari, a auna hawan jini, kuma tunda ka ce ƙirjinka ya ɗaure a ruwa ka roƙa a duba zuciya ma. Wataƙila firgita ce kawai da haɗiyar ruwa, amma yawancin waɗanda ke rasa ransu a gasar tirayatalon a wurin iyo abin ke faruwa, kuma da yawa matsalar zuciya ce da ba su san suna da ita ba, to gara a duba.

Gubi kuma a'a. Ban da zurfi da laka, ruwan dam da na tafki a yankinmu akwai haɗarin tsargiya, ƙwayar cutar a jikin dodon koɗi take girma ta fito cikin ruwa ta shiga ta fata, ba sai ka sha ba. Mun sha ganin yara da fitsarin jini daga wankan rafi. Kuma dan Allah ka faɗa wa matarka, in wani abu ya taso da dare ita ce a kusa da kai, ya kamata ta san abin da za ta gaya wa likita.

Baban_Khalifa_Gombe:

Malam DanWunti sannu da ƙoƙari, wallahi na jinjina maka da ka saki kwalekwalen nan ka ƙarasa. Ni ba na iyo, keke ne nawa, shekara tara ina hawa, duk Asabar muna fita mu huɗu ko biyar daga Tumfure mu nufi Dadin Kowa mu juyo, don haka ta ɓangaren keke zan yi magana.

Ciwon gwiwar nan kusan na tabbata sirdi ne ya yi maka ƙasa, keken aro haka yake, an saita shi ne daidai tsawon mai shi. Ka hau ka jingina da bango, ka ɗora diddigenka a kan feda ka kai ta can ƙasa, in ƙafarka ta miƙe sak to tsayin ya yi, in gwiwa ta lanƙwashe a ɗaga sirdin. Duk mai gyaran keke zai yi maka cikin minti biyu da sifana. Sannan yawancin masu gudu in suka hau keke sai su sa giya mai nauyi suna dannawa da ƙarfi don suna jin ƙafarsu na da ƙwari, wannan shi ke cinye cinya kafin a zo gudu. Ka sa giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, musamman kilomita biyun ƙarshe kafin ka sauka.

Nauyin ƙafar da ka ji kuwa kowa na jinsa har ƙwararru, bambancin su sun saba da shi ne. Maganinsa ɗaya, sau ɗaya a sati in ka dawo daga keke kar ka zauna kar ka shiga gida, takalmin gudu na ajiye a zaure ka zura ka fita ko minti 10 ne, bayan sati uku huɗu za ka ji minti biyar ɗin farko ne kawai ke da wuya sai ƙafa ta sake.

Amma gaskiya kilomita 40 ba wasa ba ce ga wanda sau uku ya hau keke, ka ƙiyasta ya ɗan fi daga Gombe zuwa Dadin Kowa, kuma ka zo ne daga iyo, kuma kilomita 10 na jiranka. Zangon Olamfik irinmu masu yi don sha'awa awa uku zuwa huɗu yake ɗauka, a nan dole ka ci wani abu a kan keke, ƙarfin da jiki ya tara ba ya kai mutum ƙarshe. Ni dabino nake sawa a aljihun riga, in na wuce awa ɗaya ina cin biyu uku duk bayan minti 20, gora biyu, ɗaya ruwa zalla ɗaya na zuba ruwan gishiri da sukari na fakiti. Kuma duk abin da za ka ci ranar gasa ka gwada shi a tirenin tukuna, ciki ba ya son baƙon abu in yana wahala.

Ni dai ra'ayina ba a fafe gora ranar tafiya, ka riga ka gwada sau ɗaya ka ga yadda ta kaya. Kuma kar wani ya ce maka ka zo Dadin Kowa iyo, akwai dorina a ruwan nan, manoman bakin dam ɗin sun san ta sarai.

Abba_Jahun:

Ni kam na ce ka shiga kawai Yaya. Ai su Ironman ɗin da ake ji, wato tirayatalon mai dogon zango, a 1978 da aka fara a Hawai mutum 15 ne suka tsaya, ba wanda ya taɓa yin irinta a duniya, iyo kusan kilomita 4, keke 180, gudu 42, kuma 12 suka ƙarasa. In ka tsaya jiran sai komai ya cika ba za ka taɓa yi ba, ga aiki ga iyali. Zuciya ce ke yin gasa.

Malamin_Iyo:

Abba ka yi haƙuri ban yarda da kai ba ko kaɗan, mutanen can da ka ambata masu iyo ne da masu gudun dogon zango tun asali, da yawansu ma sojoji ne, ba daga wurin wankan otal suka taso ba. A gudu in zuciya ta kai ka inda jiki ya gaza sai ka tsaya ka zauna a bakin titi, a keke ka taka birki ka sauka, a tsakiyar ruwa kuma ina za ka zauna? Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Malam DanWunti, ni a gaɓar Binuwai na taso kafin aiki ya kawo ni Bauchi, kuma ina koya wa yara da manya iyo. Abin da ya same ka ba rashin ƙarfi ba ne, mai gudun kilomita 10 yana da huhu, numfashi ne ba ka iya ba. Kusan duk wanda ya koyi iyo da girma riƙe numfashi yake in fuskarsa na cikin ruwa, sai ya ɗago yana so ya fitar ya kuma shaƙa a lokaci ɗaya, lokacin ba ya isa, iskar da ta lalace ta taru a ƙirji, daga nan sai firgita ta zo. Dole ka koyi fitar da iska a cikin ruwa ta hanci da baki kana yin kumfa a hankali, in ka juya kai gefe shaƙa kawai za ka yi. Ka tsaya a inda ruwa ya kai maka ƙirji ka yi wannan sau 50 kafin ka fara iyo kullum, abin kaman wasan yara amma shi ne tushen.

Ga ma'aunin da nake ba kowa. Mita 1,500 a wurin wankanka mai mita 20 tsallakawa 75 ke nan. In ba za ka iya yin su a jere ba tare da ka riƙe bango ko ka taka ƙasa ba, kuma ka fito kana iya magana, to ba ka shirya wa zangon Olamfik ba, domin a fili ba bango, kuma ba layi a ƙasa da za ka bi, kana karkacewa kana ƙara wa kanka nisa. Daga sau biyar a ruwa zuwa wannan matakin cikin sati bakwai, alhali satin farko ma na asibiti ne na ƙarshe kuma na hutu, ni ban ga hanya ba. Wata huɗu zuwa shida kana shiga ruwa sau uku a sati, wannan kam zai yiwu da yardar Allah.

Wasu abubuwan kuma dabara ce kawai. In an busa usur kar ka faɗa cikin turmutsutsu, ka tsaya baya ta gefe ka ƙirga 15 sannan ka shiga, daƙiƙa 15 ba komai ba ce a kan minti ukun da ka yi a jikin kwalekwale. Ka sa igiyar tabarau a ƙarƙashin hular iyo don ko an shure ka ba zai fita ba. Ka koyi ɗaga ido kaɗan duk bayan bugu shida ko takwas ka hango alamar da aka kafa. Kuma ka koyi juyawa rigingine ka kwanta a bayanka kana numfashi, shi ne wurin hutunka in abu ya rikice.

In kana son ka ji yadda iyo yake ba bango, ka je Wikki a Yankari wata Asabar, ruwan garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, kuma yana gudana a hankali sai ka yi iyo kana fuskantar inda yake fitowa. Ba zai koya maka duhun ruwan Legas ba amma zai cire maka dogaro da bango. Ko can ɗin ma kar ka shiga kai kaɗai.

Sannan ka tambayi masu shirya gasar ko suna da tsarin mutum uku, ɗaya ya yi iyo ɗaya keke ɗaya gudu, gasa da yawa suna yi. In akwai sai ka karɓi gudun kilomita 10 da ka ƙware a kai, ka tsaya a bakin ruwa ka kalli yadda masu iyo ke tashi da yadda suke zagaya alama, za ka ƙaru sosai.

DanWunti:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti maganarki ta shige ni, diclofenac ɗin kuwa shi na sha har kwana huɗu safe da yamma, ban san yana taɓa ƙoda ba. Jiya da dare na faɗa wa maman yara komai, ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce gobe tare za mu je asibitin, na riga na nemi izini a ofis.

Abba na gane nufinka kuma na san don ƙarfafa min gwiwa ka faɗa, amma ni na san abin da na ji a ruwan nan, ba na so in sake jinsa a mita 1,500. Na kira abokina na ce ya tambaya min maganar mutum uku, ya ce zai bincika kafin Juma'a, in akwai shi zai ɗauki keke mu nemi mai iyo a can, shi ma sai in likita ya ce ba matsala. Baban Khalifa na duba sirdin yanzu kaman yadda ka ce, diddigena na kan feda gwiwar a lanƙwashe take sosai, ya kai yatsa huɗu da za a ɗaga.

Malam, tsallakawa nawa zan fara da ita a satin farko in an ba ni dama, kuma da safe ya fi ko da yamma? Don wurin wankan ba sa buɗewa sai ƙarfe 8, ni kuma lokacin ina ofis, sai dai bayan la'asar ko Asabar da Lahadi.

Malamin_Iyo:

Bayan la'asar ya yi, Talata da Alhamis sai ka ƙara da safiyar Asabar. Satin farko kar ka ƙirga nisa, kumfa 50 a tsaye, sannan tsallakawa biyu ka huta daƙiƙa 30, ka maimaita sau takwas, in numfashi ya rikice ka juya rigingine maimakon ka kama bango. Ka fara kawo mana sakamakon gwajin tukuna, in Anti ta gani ta ce to, sai in zo ranar Asabar ɗin farko in ga yadda kake juya kai.